Kumbo Mai Ƙafa Shida

Har yau ban manta da ranar Larabar da aka turo mana kumbo a kan kura ba. Cikin watan Azumi ne, shekarar 1975, ina da wata biyar da kama aiki. Ku 'ya'yana da kuke harkar fim yanzu kun sha tambayata yadda ake yin abin kafin zuwan kwamfuta. Ni dai ban daɗe a aikin ba, shekara biyu na yi, na yi aure na zauna a ɗakina. Amma wannan guda ɗaya na gan shi da idona, kuma da hannuna dumu-dumu a ciki.

Wurin aikinmu ɗan kamfanin talla ne a Sabon Garin Kano, ba nisa da mahaɗar Bata. Muna rubuta allunan shaguna, muna kuma yin gajeren fim na minti ɗaya ko biyu, irin wanda ake haskawa a gidajen silima kafin a sa babban fim. A shekarun nan kuɗin mai ya shigo, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowane ɗan kasuwa so yake a ga sunansa a bango. Mai kamfanin shi ne Alhaji Lamidi, Bayarabe haifaffen Fagge, wanda ya fi ni iya Hausa. Ƙarƙashinsa akwai Mista Bitrus, mutumin kudancin Zariya, shi ne mai ɗaukar hoto, shi ke tsara duk abin da ya shafi fim. Sai masu fenti biyu, sai ni can ƙasa, akawu mai buga tafireta.

Ƙa'idar wurin ita ce sabon ma'aikaci ya yi wata shida na gwaji kafin a ba shi takardar tabbatarwa. Saura mini wata guda ke nan. Mahaifina kuwa da ƙyar ya yarda na fita aikin bayan na gama sakandare, don ma sahunsu ɗaya da Alhaji Lamidi a masallaci. Ya gaya mini tun ranar farko, in aka sallame ni daga nan, to ni da ofis har abada.

Kafin Azumi da 'yan kwanaki wani Alhaji mai shigo da batirin tocila da na rediyo ya zo ya ce yana son tallar da ba a taɓa yin irinta a Kano ba. Ya ga wani fim na Turawa a Legas, jirgi yana yawo tsakanin taurari. Shi ma irinsa yake so, da sunan batirinsa a jiki, a fara haskawa ranar Sallah.

Mista Bitrus ne ya yi mini bayanin yadda ake yi, don ni har ga Allah na zaci hawa sama ake yi a ɗauko hoton. Ya ce abin da ake gani a fim samfuri ne aka ƙera, aka rataye a ɗaki mai duhu. Sai dai ba a yin sa ƙarami kamar na wasan yara, domin in ya yi ƙanƙanta kyamara tana tona masa asiri. Dole ya yi girman da za a iya yi masa tagogi da ƙofofi da 'yan tarkace a jiki, sannan idon mai kallo zai yarda cewa ya kai unguwa guda. Ya zauna ya zana nasa jirgin: dogo, siriri kamar taɓarya, mai tsini a ka. Ya rubuta a ƙasa da Turanci cewa ƙafa shida, samansa ya zama mai buɗewa don a sa fitilu, da ƙafafu uku na tsayawa.

To yadda muke ba da aiki waje shi ne, ni zan mayar da bayanin Hausa, na buga shi kwafi uku da takardar kabon. Ɗaya ta mai sana'a, ɗaya ta fayil, ɗaya ta Alhaji Lamidi. In akwai zane, a maƙala shi da fil a jikin ta mai sana'a. Da na zo kan sunan jirgin ban ko yi tunani ba. Tun da aka ce Turawa sun sauka a wata, kumbo muke ji ana kiransa a rediyo. Sai na buga: kumbo guda ɗaya, ƙafa shida, da murfi mai buɗewa, da ƙafafu uku. Ranar an tashi da hadari, zanen kuma shi kaɗai ne, da fentin ruwa aka yi shi. Na ce bari na ajiye a durowa kada ya jiƙe, gobe na kai.

Mai yi mana aikin ƙarfe shi ne Baba Ɗan'azumi, maƙerin farin ƙarfe a Fagge, layi biyu tsakaninsa da gidanmu. Dattijo ne Bagobiri, ya fi shekara goma yana yi wa kamfanin aiki. Shi da Alhaji Lamidi ba sa haɗuwa su rabu lafiya, kun san wasan Gobirawa da Yarabawa. Alhaji ya ce masa bawana, shi kuma ya ce kakansa ne ya sayo kakan Alhaji da ɗan gishiri, har aka ba shi gyara. Baba ba ya karatun boko, don haka na tsuguna a bakin rumfarsa na karanta masa takardar.

Ya ce, "Ƙafa shida, 'yar boko? Wa zai ci?"

Na ɗauka tsokana ce irin tasa, na yi dariya na ce, "Na silima ne, Baba."

Ya ce, "To, lallai 'yan silima akwai ciki."

Bai ƙara tambaya ba. A lokacin ba a tambayar mai kuɗi dalili. Mako guda kafin nan wani ya sa shi ya ƙera masa buta mai tsayin mutum don ƙofar shago. Ni kuma aka shiga Azumi, hidima ta yi yawa, zane ya bi ruwa a raina.

Kwana tara bayan nan, da hantsi, muka ji hayaniya a ƙofar ofis. Na leƙa ta taga na ga masu kura biyu suna turo wani abu lulluɓe da buhuna, mutane na biye da su tun daga Bata, Baba na gaba yana ba da hannu kamar ɗan sanda. Aka sauke a tsakar ofis, ya yaye buhunan da kansa.

Kumbo ne. Kumbon tuwo, irin wanda ake jera wa amare, sai dai faɗinsa ƙafa shida cif, mutum uku za su zauna ciki su miƙe ƙafa. Ga murfinsa da ɗan mariƙi a ka, ga ƙafafu uku kamar na murhu. Don ya kyautata mana, har ya sa an zana masa furanni ja da kore a kewaye. Aiki ne mai kyau ƙwarai, ko ɗinki ɗaya ba ka gani.

Masu fenti suka fara dariya, suka dubi fuskar Alhaji Lamidi suka haɗiye. Kyamarar da za a yi aikin da ita aro ce daga Kaduna, ranar Litinin za a mayar. Ba lokacin ƙera wani.

Alhaji ya ce, "Malam Ɗan'azumi, mene ne wannan?"

Tun da nake ban taɓa jin ya kira shi da sunansa ba. Baba ma ya ji, don murmushinsa ya ɗauke.

"Kumbo ne, Alhaji. Shi aka ce."

"Ba ka ga zane ba? Jirgi aka zana maka, ka kawo mini kwanon cin tuwo. In tsufa ya hana ka aiki ka faɗa, gari cike yake da maƙera."

Ni kuwa da aka ambaci zane sai na tuna. Na jawo durowa a hankali, ga shi nan kwance ƙarƙashin takardun kabon. Na ɗago ido, muka haɗa ido da Baba. Ya dubi hannuna a kan durowar, ya dube ni, sai ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Idon ne ya fara rauni, Alhaji. A yi haƙuri."

Alhaji ya ce daga yau an gama, ya shige ofishinsa ya rufo ƙofa. Baba ya naɗe buhunansa ɗaya bayan ɗaya, ya yi mana sallama, ya fita.

Na zauna gaban tafireta na kasa buga ko harafi. Ba wanda ya sani sai ni da shi, shi kuma ya riga ya rufe. Wata guda ya rage mini. Zuciyata ta yi ta kawo mini dabaru, har da cewa ai Baba ne ya zaɓa da kansa, ba ni na sa shi ba. Da aka kira Azahar na shiga sito inda nake sallah, na tayar. Ina cikin sujada abin da ke yawo a kaina shi ne, yau dattijo ya yi ƙarya da azumi a bakinsa saboda ni, ni kuma ina jiran a karɓi nawa azumin. Na sallame, na ɗauko zanen, na ƙwanƙwasa ƙofar Alhaji.

Na ce, "Alhaji, Baba bai ga zane ba. Ga shi, a durowata ya kwana tara. Ni na karanta masa takarda, kumbo na ce masa, ban ce wane iri ba."

Ya karɓi zanen ya duba, yana jan carbi. Can ya ce, "Rabi, kin ji abin da na faɗa wa dattijon nan a gaban masu kura?"

"Na ji, Alhaji."

"Kika yi shiru."

"Na yi shiru."

Ya miƙe ya ɗauki makullin mota. "Ɗauko mayafinki."

Muka sami Baba a rumfarsa yana liƙin wata buta. Alhaji ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna a ƙasa, cikin tarkacen gwangwani, ya ce, "Bagobiri, na yi maka laifi. Ka yafe mini."

Baba bai ɗago ba sai da ya gama liƙinsa. Ya ce, "Bawa ya yi wa ubangidansa rashin kunya, ai ba yau aka fara ba. Kakanka ma haka ya yi wa kakana, aka hana shi tuwon dare. Tashi kar ka ɓata rigar aro." Sannan ya juyo gare ni. "Ke kuma wa ya aike ki? Na lulluɓe ki kin yaye."

Muka yi masa sallama muka shiga mota. A hanyar komawa Alhaji ya ce, "Maganar takardarki kuwa tana cikin kumbon nan. In ya tashi, kin zauna. In bai tashi ba, ni da kaina zan je na yi wa mahaifinki bayani."

Da muka koma, Mista Bitrus muka tarar kwance rigingine a ƙasa, ƙarƙashin kumbon, ya rufe ido ɗaya yana leƙe ta cikin dunƙulallen hannunsa. Ya ce, "Oga, kada a taɓa shi. A fina-finan waje akwai jirage masu faɗi kamar faifai, kuma sun fi na taɓarya ban tsoro. Ku ba ni kwana uku, da Baba, da wannan mai laifin."

Haka na bar tafireta na koma sito. Aikin farko shi ne kashe furanni. Mista Bitrus ya ce fenti ruwan toka za a shafe shi da shi gaba ɗaya. Baba ya tsaya yana kallon masu fenti kamar ana yi wa ɗansa aski da kwalba. Ya roƙa a bar masa fure ɗaya ta cikin murfi inda kyamara ba ta gani, aka bar masa.

Ranar Alhamis aka aike ni kasuwar Sabon Gari da jaka. Na bi layin masu gyaran rediyo na kwashe duk abin da suka zubar: 'yan wayoyi, 'yan kwalabe, ƙananan ƙarafa masu kama da gidaje. Na haɗa da sarƙar keke, da haƙoran zik, da maɓallai, da marafan kwalba. Wani mai gyara ya tambaye ni ko maganin aljanu zan haɗa. Baba ya yi ta liƙa su da dalma a jikin kumbon, yana mita. Ya ce shekara arba'in yana koyon yadda zai sa ƙarfe ya yi sumul, yau an sa shi yana yi masa ƙuraje. Ya huda tagogi sittin da wani abu a kewaye, kowace ba ta fi ƙwayar wake ba, aka jera ƙwan tocila a ciki, aka haɗa su da batirin mai talla.

Yana aiki yana tambayar Mista Bitrus, "Wai da gaske sun taka watan?"

"Sun taka, Baba."

"To su taka. Mu dai ba ma Sallah sai mun gan shi da idonmu."

Da aka gama, Mista Bitrus ya zagaya shi ya ce ya yi sabo da yawa. Abin da ya yi tafiya mai nisa dole ya yi dauɗa, in ba haka ba ido zai gane na wasa ne. Masu fenti suka gwada baƙin fenti, ya yi ƙyalli. Ni na ce a gwada baƙin tukunya. Na koma gida na kankare gindin duk tukwanenmu na tara a gwangwani, har Innata ta ce tukwanen gidan nan ba su taɓa ganin gata irin na bana ba. Na shafa shi da tsumma a lungu-lungu, yadda hayaƙi ke kama bangon madafa, wani wuri da yawa, wani wuri kaɗan.

Taurari kuma baƙin kwali ne aka kafa a baya, aka huda, aka sa fitila ta bayansa. Masu fenti sun huda nasu a jere kamar shukar gero. Na ce musu sama ba haka take ba. Mu da muke kwana a tsakar gida lokacin zafi mun san wani wuri a cunkushe suke, wani wuri fili fetal, wasu manya wasu da ƙyar ake gani. Mista Bitrus ya ce a ba ni sabon kwali. Na yi su da allurar ɗinki da basilla.

Ranar Asabar da safe aka ɗauka. Aka toshe tagogin sito da barguna, aka rataye kumbon a jikin azara da waya mai baƙin fenti. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kumbon ba ya motsi ko kaɗan. Kyamara ce aka ɗaure a kan katako mai taya, ana tura ta ta ƙarƙashinsa. Mista Bitrus ya sa ta riƙa ɗaukar hoto da sauri fiye da ƙa'ida, ya ce in aka haska a daidai, tafiyar za ta yi sanyi da nauyi kamar ta babban abu. Zafi a ɗakin nan ba a magana, ga azumi. Shi da ba ya azumi ma ya ƙi shan ruwa a gabanmu, sai ya ce zai duba wani abu a mota. Sau bakwai aka maimaita kafin ya ce ya isa.

A zamanin ba ka ganin abin da ka ɗauka nan take. Sai an kai fim Kaduna an wanke. Kwana takwas muka jira, ba wanda ya san ko jirgi aka ɗauka ko kwanon tuwo. Na koma kan tafireta, Alhaji kuwa tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. A gida ban faɗa wa kowa ba, sai dai kowace addu'ar buɗa-baki da kumbo a cikinta.

Ranar da fim ya dawo aka kira mai batir, aka kira Baba, aka kafa farin zanen gado a sito, aka kunna majigi. Da farko duhu ne da taurarina. Sai wani abu ya fara shigowa ta sama, a hankali, yana ta shigowa bai ƙare ba, da fitilu birjik kamar ka hango gari daga nesa. Maɓallan da na tsinto sun zama hasumiyoyi, haƙoran zik sun zama matakala. Ni da na shafa masa baƙin tukunya da hannuna sai da na ɗauka jirgin gaske ne. A ƙarshe sunan batir ya fito.

Mai batir ya sa aka maimaita har sau uku. Ya ce, "Lamidi, faɗa mini gaskiya, daga Ingila kuka sayo wannan?"

Kafin Alhaji ya amsa, Baba ya yi gyaran murya daga baya. "Murfin ya ɗan karkace ta hagu."

Mai batir ya waiwaya. "Wane murfi, Baba?"

"Murfin kumbon mana. Ai kumbo ne, Alhaji."

"Na san kumbo ne, ai shi na ce a yi mini."

Masu fenti suka fice da gudu, muna jiyo dariyarsu a waje. Alhaji Lamidi bai bar maganar a haka ba. Ya kama hannun mai batir ya kai shi bayan zanen gadon inda kumbon yake, ya ɗaga murfin, ya nuna masa furen nan guda da aka bari, ya ba shi labari tun daga farko. Mutumin ya yi dariya har da riƙe bango. Ya ce talla ta karɓu, sharaɗinsa ɗaya: kada matansa su ji, don kowace za ta ce a yi mata irinsa.

Washegari Alhaji ya ajiye mini wata takarda da rubutun hannunsa ya ce na buga kwafi uku. Ina cikin bugawa na ga sunana. Takardar tabbatarwata ce. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya, ya ce shi ma na buga: daga yau duk aikin da aka kai wa mai sana'a, akawu ba za ta tashi ba sai ya faɗa mata da bakinsa abin da zai ƙera.

Ban taɓa ganin tallar a silima ba, ba wurin zuwana ba ne. Abin da na ɗauka daga aikin dai shi ne, ni da Baba Hausa ɗaya muke ji, unguwa ɗaya muke kwana, amma kumbona na rediyo ne, nasa na rumfa, kuma da ya tambaye ni wa zai ci, dariya na yi maimakon na saurara. Ku da kuke ba da umarni a wurin ɗaukar fim, in ƙaramin ma'aikaci ko dattijo ya yi muku tambayar da ta yi kama da wasa, ku tsaya ku ji. Na kuma ga irin mutanen da ke riƙe da wannan sana'a, waɗanda sunansu ba ya fitowa a bango. Bayan Sallah da kwana uku Baba ya zo ofis da guduma da dalmarsa. Alhaji ya ce masa, "Bagobiri, an gama da shi fa, ba wanda zai sake ɗaukarsa." Ya ce ya sani. Ya shiga sito ya zauna, bai fito ba sai da murfin ya zauna daidai. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Alhaji Lamidi da iyayenmu baki ɗaya.